Jiƙon da Ba a Damawa

Ban taɓa shan wuya irin ta azumin shekarar da babanmu ya rasu ba, kuma ba na yi ma kowa fatan irinta, in ka cire mutum guda. Shekara talatin da wani abu ke nan. Bana azumi ya zagayo ya sake faɗowa a bakin bazara, daidai inda ya iske mu wancan karo, sai ɗiyata Nafisa ta tono mini abin da kofin gilashi.

Nafisa a Yamai take karatu, wajen ƙanwar uwarta. Hutun lakwal, wato makaranta, ya kawo ta gida Filinge, ta ce za ta yi mana abin buɗa-baki irin na birni. Tun da hantsi ta hana gidan sakat. Ta tafasa zoɓo, wanda su yanzu suke ce ma bisap, ta zuba mishi sukarin da zai ishe ni shayi har salla, ta bar shi bisa wuta har ya yi kauri yana bin cokali. Ta fere mangwaro ta tuƙe shi da hannu ta tace, don kuran, wutar lantarki, ya ɗauke tun safe, injin markaɗen da ta ɗauko daga Yamai yana gefe yana kallonta. Ta daka citta, ta matse lemun tsami, ta yi lemu-hari, shi kuma ta hana shi sukari sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Na ce, "Wannan wace irin rowa ce? Wani ya sha sukari har ya ƙoshi, wani ko ɗanɗano?"

Ta ce, "Baba, ai maganar nauyi ce. Mai sukari shi ke zama ƙasa, maras sukari ya hau sama. In nauyinsu ɗaya, haɗewa za su yi."

Na zauna ina kallonta. Ta bi rana har bakin kasuwa wajen mai firigon sola, ta sayo ƙanƙara cikin buhu, rabi ya narke a hanya. Gab da magariba ta jera kofuna bisa tire. Zoɓo ta fara zubawa, ja wur, ta jefa ƙanƙara. Ta kifa cokali ta jingina bakinsa da jikin kofin, tana tsiyaya mangwaron bisa bayan cokalin, ta riƙe numfashi kamar mai ɗura ma jariri magani. Ta bi da lemu-hari haka nan, ta ɗora ganyen na'a-na'a. Hawa uku, ja da rawaya da fari-fari, ba wanda ya shiga gonar wani. Abin ya yi kyau a ido, wannan ba zan hana mata ba. Ta ɗauke shi hoto da salula ta sama, ta ɗauka ta gefe, har da durƙusawa.

Ladan ya kira salla. Na ci dabino, na kurɓi ruwa. Ta miƙo mini kofina da hannu biyu ta ce, "Baba, kada ka dama. Haka ake shansa, daga sama har a kai ƙasa."

Na dube ta. Na ɗauki cokalin nan nata na zura har gindin kofin na dama, sai da ya koma kamar ruwan tabki bayan shanu sun shiga. Na jawo na uwarta na dama. Na bi sauran kofunan ɗaya bayan ɗaya.

"Baba! Wuni guda na yi a kansa!"

"A gidana ba a shan abin da ba a dama ba."

"To me ya hana ka faɗa tun da rana? Kana zaune kana kallona!"

"Yanzu na faɗa."

Uwarta Habsu ta ce, "Kai dai Malam, ƙauyanci ba ya tsufa a jikinka. Yarinya ta ƙone a rana don ta burge ka."

Nafisa ta shige ɗaki, ko kurɓa ba ta yi ba. Tun ranar nawa a moɗa take kawo shi, a dame, ta dangwarar ta juya. Habsu ta dame ni wai in faɗa ma yarinyar dalili. Ni ban iya zaunar da yaro in ba shi labarin yunwa ba, tatsuniya suke ɗaukarsa. Amma dalilin akwai shi.

Daminar shekarar ta yaudare mu. Ruwa ya sauka da wuri, munka yi shuka, munka yi noma biyu, gero ya yi baƙi ƙirin har mutane sunka fara gyaran rumbuna. Yana yin ciki ruwa ya ɗauke. Muna tsaye muna kallo ganye ya nannaɗe, zangarniya ta fito ba ido. Abin da munka girba bai kai rabin rumbu ba. Bayan kaka kaɗan ciwon ƙirji ya kwantar da babanmu, bai tashi ba.

Lokacin ba a Filinge muke ba, muna wani ƙauyen Kurfai da ke gefen dallol, babban kwarin nan na yankinmu, tafiyar safiya zuwa kasuwa. Gandu guda muke da wan babanmu, Baba Arzika. Gona guda, rumbu guda, tukunya guda. Ɗakinmu ni ne, da Inna, da ƙanwata Dije da ko azumi ba ta fara ba. Ɗakinsa shi da matarsa da ɗiyansu, babbansu Idi, sa'ana. A al'adarmu mai gida kaɗai ke buɗe rumbu, mace ko leƙawa ba ta yi, yaro kuwa ko tsanin bai isa ya taɓa ba. Kullum da safe Baba Arzika zai hau, ya zaro ƴan zangarniyar wunin ya jefo, ya rufe. Mutumin ya rasu tuni. Na je jana'izarsa don idon mutane, na tsaya a sahun baya.

Kafin azumi ya kama, tuwo ya riga ya bar gidan. Sahur ɗinmu anza ce. Wanda bai san anza ba ya gode ma Allah. Ƴaƴan wani ɗan itace ne na fako, sai an yi kwanaki ana jiƙa su ana zubar da ruwan kafin ɗacin ya ragu, kuma ko ya ragu in ka ci sai ka ji maƙogwaronka ya ɗaure. Mu tauna, mu bi da ruwan randa har ciki ya yi ƙara, mu yi salla.

Gari na wayewa ni da Idi mu ɗauki buhu mu gangara dallol neman goruba da aduwa. Ba mu kaɗai ba ne, duk ƙauyukan gefen nan can suke kwarara, ga awaki, ga Fulani da sandunansu suna kakkaɓe ma dabbobi. Na kusa sun ƙare tun kafin azumi, kullum sai mun ƙara nisa. Kafin hantsi ya ɗaga rairayi ya fara cin ƙafa ta cikin takalmin taya. Iska in ta buso kamar an buɗe bakin tanda. Ka wuce saniya kwance ta miƙe wuya, ungulaye na tsaye gefe suna jiranta, ita tana kallonsu. Ka yi jifa sama, sanda ta dawo ba goruba, sai jiri. Miyau ya ƙafe tun kafin azahar, harshe ya koma kamar busasshen ƙirgi, in ka ce za ka yi magana sai ka ji leɓe ya tsage.

Mata kuma rijiya. Ruwa ya gudu ƙasa, igiya ta kasa, anka ƙulla mata tsummoki da tsofaffin ɗankwalaye. Guga ya fito rabi ruwa rabi laka, sai an bar shi ya kwanta. Inna tun duhun asuba take bin layi, ba ta dawowa sai rana ta take, tulu bisa kai, tafin hannunta duk ya daddare. Yanzu famfo na tsakar gidana, in ya yi wuni bai zo ba sai ka ji ana salati kamar an yi mutuwa.

Da azahar ba mai motsi. Mu yayyafa ma tabarma ruwan wanke-wanke mu kwanta ƙarƙashin rumfa, ƙuda na bin ido ba ka da ƙarfin kora. Jaki ma ba ya kuka.

In rana ta ɗan karkata sai Inna ta tashi haɗa jiƙo. Ita ke yi, don duk gidan ba wadda ta kai ta hannu. Ta kirɓa goruba a turmi har ɓawon ya saki ƙwallon, ta tankaɗe. Ta ɓare aduwa ta jiƙa, ta murza da hannu har naman ya fita, ta tsame ƙwallayen a ajiye, don su ma ana fasa su. Ta jiƙa ƴar tsamiya ta tace. Sannan geron da Baba Arzika ya jefo da safe, ta sussuke, ta daka shi da dusarsa, don ba mai zubar da dusa a shekarar. Ta haɗa duka cikin babbar ƙwaryar gidan, ta cika da ruwa, ta dama. Shi ne buɗa-baki, shi ne tuwo, shi ne miya. In an dama shi da kyau yana da ɗan tsami da ɗan zaƙi da ɗaci-ɗaci a ƙarshe, kuma yana riƙe ciki zuwa tsakar dare.

A shekarar ƙoshi mata ke rabon hura, namiji ba ruwansa da ludayi. Shekarar nan Baba Arzika ya ce abinci ya yi kaɗan, rabo sai mai gida. Ba wanda ya ga laifinsa, gidaje da yawa haka anka yi. Sai ya kafa doka. Ana sallame la'asar a kawo ƙwaryar gaban rumfarsa, a girke ta cikin jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da faifai, kada wanda ya taɓa, wai don ta yi sanyi. Yaron da ya gitta kusa ya sha dundu. Kaza ma korarta yake.

Daga la'asar zuwa faɗuwar rana, jiƙon nan ya kwanta ya rabu. Sama ruwa ne garau, ɗan rawaya-rawaya, tsamin tsamiya kawai ke cikinsa, kana iya hango zanen ludayi ta ciki. Tsakiya ya ɗan yi duhu, nan naman aduwa da garin goruba ke tsayawa. Can gindin ƙwarya kuma geron ne da dusa da tsaki, kauri kirtif, wanda in ka tsaya ludayi a ciki ba ya faɗuwa.

Ladan na kira sai ya ɗage faifan a hankali, ya yi bisimilla, ya ɗaga murya yadda na bayan darni za su ji: "Marayu na farko! Ku kawo ƙoƙon marayu!"

Dije ta ruga da ƙoƙonmu. Ya kwantar da ludayin bisa fuskar ruwan yana shafa, kamar mai kwasar mai a kan nono, ko girgiza ba ya bari ya yi. Ya cika mana fal har yana zuba, ya ce, "Ƙara matso da shi, ɗiyata, kada a ce na rage ma maraya." Bayanmu sai shi da dattawan da yake gayyatowa daga masallaci, su sha na tsakiya. Daga ƙarshe ya karkata ƙwaryar ya yashe da hannu cikin ƙoƙon ɗakinsa, yana cewa, "Mu masu gida, guggubi ya ishe mu."

Gari ya ɗauka. Arzika ya riƙe amanar ƙanensa. Arzika ba ya sa ma bakinsa komai sai marayu sun sha. Har a bakin rijiya mata ke ce ma Inna ta gode ma Allah da ya ba ta irin wannan wan miji, ita kuma ta ce alhamdu lillahi.

Ba wani asiri ba ne. Duk wanda ya taɓa shan hura ya san abin da ke kwanciya a ƙasa. Dattawan nan sun sani, matarsa ta sani, Inna da ta daka ta fi kowa sani. Ƙoƙonmu ko wanki ba ya bukata, a kife kawai. Na ɗakinsu sai an sa yatsa an suɗe. Wanda zai buɗe baki ya faɗa ne babu.

Na sami Inna wata rana bayan mun sha ruwa. Ni ne ɗan farinta, ba ta kiran sunana. Na ce, "Inna, ruwa hwa muke sha."

Ta ce, "Ruwan ma Allah ya ba mu."

"Ke kinka jawo, ke kinka daka, ni na yo goruba. Geron ina yake zuwa?"

"Kai wanga, ruhe mini baki. Ubanka na. In ya kore mu, gidan wa za mu?"

Na rufe. Ina gani ɗan abin da ya kwanta a gindin ƙoƙonmu, wanda bai cika cokali ba, ta tsiyaye ruwan ta miƙa ma Dije. Ita ta sha ruwan tsamiya ta kwanta, gobe ta koma rijiya.

Azumi na raba tsakiya ƙafafunta sunka fara kumbura. In ka danna yatsa bisa ƙaurinta ramin ya zauna, ka je ka dawo yana nan. Fuska kuwa ta zube, idanu sun faɗa. Taɓarya ta fara yi mata nauyi, ta koma daka a zaune. Wata safiya ta yanke jiki a bakin rijiya, mata sunka ɗauko ta a zane. Anka ce ta aje azumi, Allah bai ɗora mata ba. Ta ce, "In na aje in ci mi? Cikin guda na, gara in samu lada."

Ni ma jiri ya fara kayar da ni a dallol. Idi kuwa yana hawa goruba har ƙoli, kumatunsa ba su faɗa ba. Wata rana na zauna gindin itace idona na ganin duhu, ya leƙo daga sama ya ce, "Maraya, ba kai ake fara ba? Ina ƙarfin ya tahi?" Da ina iya tashi a lokacin, da ɗayanmu bai koma gida ba.

Na bi hanya tukuna, kada wani ya ce ban bi ba. Na iske Baba Arzika bayan azahar yana jan casbi, na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ce, "Baba, jikin Inna ya yi tsanani. Ko za a ƙara ƴar zangarniya a yi mata kunu ita kaɗai?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Abin da ya rage iri na. Kana so mu ci iri, in ruwa ya sauka mu shuka tsakuwa?"

"To ko a riƙa dama jiƙon kahin a raba."

Nan ya aje casbin. "Wa nike hwara ba a gidan ga?"

"Mu."

"Ƙoƙonku na taɓa dawowa ba cike ba?"

"A'a."

"To tashi ka ba ni wuri. Ɗan da ba shi da godiya ko uwarshi ba ta morarshi."

Na tashi.

Cikin goman ƙarshe wata rana hadari ya haɗu gabas tun la'asar, baƙi har ƙasa. Kowa ya san lokacin ruwa bai yi ba, amma duk da haka mata sunka fiddo ƙore da tukwane sunka jera. Iska ta taso ta kwashe zana, anka yi yayyafi ɗigo-ɗigo, ƙasa ta yi ƙamshin nan da ke sa mai azumi hawaye. Shi ke nan. Hadarin ya watse, zafi ya dawo ya fi na da, ga gumi ya manne riga da baya. Ranar Inna ko zaman daka ba ta iya ba, matar Baba ta haɗa jiƙon. Na shiga ɗaki na iske ta kwance bakinta buɗe, Dije na yi mata fifita da faifai. Na kira ta, sai da ta daɗe kafin ta gane muryata.

Magariba ta yi. Dattawa biyu na zaune bisa buzu gefen Baba Arzika, ɗaya na'ibin limaminmu ne. Ya ɗage faifai. "Marayu na farko!"

Na karɓe ƙoƙon daga hannun Dije na tafi da kaina. Na durƙusa gaban ƙwaryar. Ya kwantar da ludayinsa zai fara shafar sama, na kama mariƙin. Ya riƙe, na murɗe na ƙwace. Na luma shi har ya daki gindin ƙwarya, na juya, na sake juyawa. Geron ya taso kamar hayaƙi, fari tas, ya game ruwan gaba ɗaya, har ludayin na yi mini nauyi a hannu. Ban taɓa sanin yawan abin da ke kwance can ƙasa ba sai ranar. Na cika ƙoƙonmu, na aje mishi ludayinsa a gabansa.

Na ce, "Yau marayu sun sha da tsaki."

Na'ibi ya ce, "A'uzu billahi! Yaro, hannunka cikin ƙwaryar ubanka? A watan azumi?"

Ɗayan tsohon ya ce, "Zamani ya lalace. Mu da ko inuwar wan uba ba mu takawa." Yana faɗa yana miƙa ƙoƙonsa, don ya ga abin da ya taso.

Ba wanda ya dubi Baba Arzika ya tambaye shi komai. Ni ne mai laifi, kuma har na bar ƙauyen nan sunana yaron da ya ƙwace ludayi.

Idi ya taso da sanda, uban ya ɗaga mishi hannu. Bai yi faɗa ba. Ya share ludayin da bakin rigarsa ya ce, "Tunda ka iya damu, ka iya ciyarwa. Daga gobe tukunyarku daban. Ku nemi abin sa mata."

Na ce, "Rabon babana na rumbu hwa?"

Ya ce, "Babanka ya tahi da rabonshi. Je ka maƙabarta ka tambaye shi."

Na kai ƙoƙon ɗaki. Labari ya riga ni, don darnin kara ba ya ɓoye magana. Na tallabo Inna na kai mata baki, ta kau da kai. Ta ɗaga hannu ta mare ni, marin da ko ƙuda ba zai kashe ba. Ta ce, "Ruwan ma ka raba mu da shi. Ka ji daɗi. Ni ba ni shan abin da anka ƙwato." Ta juya ta fuskanci bango. Dije ce ta sha, ta suɗe ƙoƙon da yatsa, ta dube ni ta ce, "Yaya, gobe ma irin wanga za a ba mu?" Sahur ɗin ranar ko anza ba a aiko mana ba.

Da safe na yi salla na zauna ƙofar ɗaki. Ban motsa ba sai da rana ta fito sarai, mata sunka fara dawowa daga rijiya, don kada gobe wani ya ce da duhu na yi. Na rataya gatarin babana a kafaɗa, na ɗauki tsanin na jingina da rumbu, na hau, na ture murfin.

Geron ba shi da yawa, ba kuma kaɗan ɗin da yake faɗa ba ne. Kowane manomi da irin ƙullinsa na dami, na babana kuwa ko a mafarki na san shi, yana maido bakin igiya ta ƙasa ya soke. Na bi ina dubawa. Wanda ba ƙullinsa ba ban taɓa ba. Nasa na ɗaga na jefo ƙasa, na sake ɗagawa na jefo.

Baba Arzika ya fito ba hula. "Ɓarawo! Jama'a, ku zo ku gani! Ɓarawo cikin rumbuna!"

Jama'a sunka zo, sunka tsaya bayan darni suna leƙe, ba wanda ya shigo. Idi ya nufo gindin tsanin da sandarsa. Na sauko da gatarin daga kafaɗa na ce, "Matso, Idi, in dama ka kai ma." Ya tsaya inda yake.

Uban ya ce, "Allah ya isa tsakanina da kai. Ba ka gamawa lahiya."

Na ce, "In ka riga ni zuwa, ka gaida babana. Ka hwaɗa mishi yadda kake hwara ba mu."

Na jawo dammunan ɗaya-ɗaya har cikin ɗakinmu. Ba macen da za ta taɓa geron nan, na sani, ban ma roƙi kowa ba. Turmin na Inna ne, da shi anka kawo ta gidan. Na gangaro shi ƙofar ɗaki, na kakkarya zangarniya na cusa har baki, na ɗauki taɓarya. Ban taɓa riƙe ta ba tunda anka haife ni. Bugun farko zangarniya ta yi tsalle, gero ya watsu cikin rairayi. Matan bayan darni sunka fashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce a samo mini ɗankwali. Na ci gaba. Gumi na shiga idona, ƙaiƙayi na cin wuyana, rabin abin da nake bugu a ƙasa yake ƙarewa.

Sai na ji motsi bayana. Inna ce ta jawo jiki da gwiwa har bakin ƙofa, ta jingina da bango. Ta daɗe tana kallon geron da ke zube.

Ta ce, "Kai wanga, ɓarna kake. Rage zangarniyar, ka cika turmin. Sassauta hannu, taɓarya ita ke aikin, ba kai ba. Dije, kawo hwaihwai ki tsince na ƙasa, kada ki bar ko ƙwara."

Na kwashe rabi na aje gefe, na gyara riƙo, na ci gaba da sussuka.